Raya Sunna, Bice Bidi'a: Kalmomi Biyu na Shehu

Kullum muna cewa "Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo", amma mu nawa muka taɓa tsayawa a kan kalmar?

Tajdidi shi ne jaddada abu, wato maido shi yadda yake tun farko. Mai yasar rijiya ba sabuwa yake haƙawa ba, laka yake kwashewa har idon ruwa ya buɗe. Asalin maganar hadisi ne da Abu Dawuda ya ruwaito, mai nuna cewa a kan kowace shekara 100 Allah yana tayar wa al'umma wanda zai jaddada mata addininta. Malamai sun lissafa Umar ɗan Abdul'aziz a farko, sannan Imamu Shafi'i, daga baya Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, mai littafin Ihya'u Ulumid Din.

Shehu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya sa wa babban littafinsa suna Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a. Ku duba yadda ya haɗa kalma da kishiyarta. Ihya'u shi ne rayawa. Ikhmadu kuwa bice wuta ne. Ita wuta ba sai an sare ta da takobi ba, in aka daina sa mata itace da kanta take mutuwa. Itacen bidi'a kuwa jahilci ne.

Shi ya sa Shehu ya yi kusan shekara 30 yana karantarwa, a Degel da Kabi da Zamfara, kafin hijirar Gudu ta 1804. A Nurul Albab ma ya yi wa malamai faɗa a kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Bayan rasuwarsa a 1817, 'yarsa Nana Asma'u ta ci gaba, ta naɗa jajis masu kai karatu wa matan ƙauyuka.

To, mu nan Alibandeng fa? Sunna ma haka take dusashewa, ba tare da kowa ya rushe ta ba: yaro ya tashi da Faransanci tsaf, farillan alwala kuwa sai inda-inda. Farfaɗo da darasin bayan magariba aikinmu ne, tun garwashin bai zama toka ba.

Allah Ya sa mu cikin masu rayawa, amin.