Dardumar kakana ashe jaka ce: tarihin chuval na Turkmen 🧵

1/ Jama'a, saura ƙiris a yasar da wani tarihi a gidanmu. Bayan rasuwar kakana muna kwashe kayan ɗakinsa, sai ga wata 'yar darduma ja, gefenta duk ya zazzage. Ƙanina ya ce a shimfiɗa ta a bakin ƙofa a riƙa goge ƙafa. Na ce a'a, bari in bincika tukuna. Ku biyo ni.

2/ Kaka ya sayo ta a Makka ne. Ya kan ce “'yar Bukhara ce”. Amma abin da ya ɗaure min kai, ba ta da mihrabi irin na dardumar salla, kuma faɗinta ya fi tsawonta. A ƙasanta akwai wani sashe mai ado daban. Ashe fuskar jaka ce, an yanke bayanta.

3/ Sunanta chuval. Turkmen makiyaya ne a Asiya ta Tsakiya, gabas da Tekun Kaspiyan. Gidansu tanti ne mai zagaye, ba kabad ba akwati. Sai mata su saƙa jakunkunan ulu a rataye a jikin tantin: chuval babba ta tufafi, torba marar zurfi, mafrash ƙarama. In an tashi ƙaura a ɗora wa raƙumi.

4/ Yawanci biyu-biyu ake saƙa su, kuma suna cikin kayan da amarya ke tafiya da su. Yarinya da mahaifiyarta za su yi watanni suna ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa aikin jaka sau da yawa ya fi na babbar darduma kyau: dangin miji za su gani.

5/ To “Bukhara” fa? Kasuwa ce kawai. Ta can kayan ke fita duniya, sai fatake suka laƙa musu sunan birnin. Masu saƙar su ne ƙabilun Teke, Yomut, Salor, Sarik, Ersari da Chodor.

6/ Kowace ƙabila tana da tambarinta a darduma, ana ce masa gul. Ku duba tutar Turkmenistan: gul biyar ne a jere a jikin jan layin nan. Amma a jaka gul kaɗai ba ya isa shaida, don ƙabilu sun yi ta aron na juna.

7/ Masana bayan saƙar suke juyawa su duba ƙulli. Yomut yawanci ƙullinsu ya naɗe zare biyu daidai wa daida. Na Teke ya karkata, buɗe ta dama. Na Salor buɗe ta hagu, ga siliki a tsakiyar gul. Na aro madubin mai gyaran waya, na buɗe gashin tamu: daidai wa daida. Ga gul tara, uku-uku, ga ja mai duhu kamar hanta. Yomut ke nan.

8/ Saura shekaru. A nan launi ne alƙali. Da can jan daga saiwar wani tsiro mai suna madder ake samunsa, shuɗi kuma daga baba, irin dai wanda marina suka sani. A 1856 William Perkin ya haɗa rinin sinadari na farko a Ingila.

9/ Sai yaƙi ya buɗe masa hanya. A Janairun 1881 sojojin Rasha ƙarƙashin Janar Skobelev suka fasa ganuwar Geok Tepe, suka kashe dubban 'yan Teke. A 1884 Merv ta shiga hannunsu, a 1886 jirgin ƙasa ya isa can. Rini mai araha ya shigo, dillalai suka shigo, saƙar gida ta fara komawa ta kasuwa.

10/ Yadda ake ganewa: buɗe gashin da yatsa. In saman ya koɗe amma gindin na nan da ƙarfi, ko jan ya zuba a kan fari, to akwai alamar sinadari. Tamu tana da wani ruwan lemo da ya koɗe haka. Don haka na ajiye mafarkin shekara 200. Ta fi kama da aikin bayan zuwan Rasha.

11/ Gaskiya na ɗan ji ba daɗi, don har na fara lissafin kuɗi 😅 Amma da na zauna na yi tunani: wata mata da ba za mu taɓa sanin sunanta ba ta ƙulla wannan a tanti, ta bi hannu-hannu har Makka, kakana ya yi shekaru yana zama a kanta yana lazimi.

12/ In kun tarar da irinta a gida: kar a jiƙa ta da Omo, kar a shanya a rana mai zafi, kar a datse gefen don ya yi kyau. A nannaɗe ta, kar a ninke. Kafin wani ya taya, ku ɗauki hoton gaba da baya ku nuna wa masani.

13/ A 2019 UNESCO ta sa saƙar dardumar Turkmen cikin gadon al'adun duniya. Tamu yanzu tana rataye a bangon ɗakin Hajiya. Ƙanina kuwa ya sayo abin goge ƙafarsa na roba. Wa ke da irinta a gida? Ku turo hoton bayanta mu duba ƙullin tare.