Akushi da Tarihi: Uba da 'Yarsa Bayan Mulkin Soja a Anguwan Rogo

Masu iya magana kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan ɗan taƙaitaccen bayani zai dubi yadda abinci ke adana tarihin mulkin soja a Anguwan Rogo, maƙwabciyar Jami'ar Jos, da yadda yakan sasanta uba da 'yarsa.

Daga juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 zuwa 1999, kusan kowace gwamnatin soja ta bar tabonta a tukunya. A 1984, zamanin Janar Buhari, magidanta sun sha layin sayen madara da sukari da sabulu, soja na tsaye da bulala. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, a 1987 kuma aka hana shigo da alkama, burodi ya gagari talaka. Da kananzir ya yi wuya a zamanin Janar Abacha, sai matan Jos suka koma ga murhun garin katako, wanda jama'a suka laƙaba wa sunan shugaban kansa.

Yarinyar da ta tashi a wannan zamani ta ga nama ya ɓace daga miya, wata ma an cire ta daga makaranta an aurar da ita, ba tare da an gaya mata dalili ba. Uban kuwa bakinsa a ɗaure yake ta fuska biyu. Doka ta 2 ta 1984 ta halatta tsare mutum ba shari'a, don haka magidanci ya koyi kame harshe. Sannan ga kunyar 'yar fari, wadda ta hana Bahaushe zaman hira da ita. Shirun nan ne 'ya'ya mata da dama suka ɗauka rashin ƙauna ne.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. Ƙasar Haiti ta sha mulkin François Duvalier daga 1957 zuwa 1971, da na ɗansa har 1986. A littafin Edwidge Danticat na 2004, The Dew Breaker, wata 'ya ta gano cewa mahaifinta azabtar da fursunoni yake yi a wancan zamani. Mutanen Haiti kuma suna tuna 'yancinsu na 1804 da miyar kabewa kowace 1 ga Janairu, kabewar da mu ma muke taushe da ita.

A al'adarmu uba bai cika neman gafarar 'yarsa da baki ba. Ita ce takan aiko da akushi daga gidan mijinta, in ya buɗe ya ci har ya sa albarka, to magana ta mutu. Sau da yawa a kan wannan akushi ne dattijo kan saki baki ya faɗi nawa albashinsa yake a 1988, da abin da kuɗin makaranta ya koma. A nan ne 'yar kan fahimci cewa hukuncin da ta ɗora wa mahaifinta, rabinsa na masu mulki ne.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, musamman mata, da su zauna da iyayensu su rubuta waɗannan labarai tun masu su suna raye. Takardun gwamnati sun adana dokoki da ranaku, amma abin da aka ci da abin da aka rasa yana bakin dattawan unguwa ne.