Girafin da Tantanin Batirin Haidirojin: Inda Bincike Ya Kai

A cikin batirin haidirojin, filatinam ne ke raba iskar gida biyu, furoton da ilektiron. Ilektiron ya bi waya ya juya inji, furoton kuma ya ratsa wani siririn tantani ya tarar da oksijin, su zama ruwa. Abu uku ake nema ga tantanin: ya bar furoton ya wuce, ya tare ilektiron, ya hana iskokin biyu gauraya.

Tun shekarun 1960 Nafion, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro, ke riƙe da wannan aiki. Yana yi da kyau matuƙar yana jiƙe. Shi ya sa ake tsayar da zafin batirin wajen digiri 80, domin da ya doshi 100 sai tantanin ya bushe, furoton ya rasa hanya. Nafion yana da tsada, a batirin da ke aiki da metanol man yana yoyo ta cikinsa, ga shi daga dangin sinadaran fulorin da ƙasashe biyar na Turai suka nemi a taƙaita a 2023.

Girafin kuwa falle ɗaya ne na ƙwayoyin zarrar kabon, a jere kamar saƙar zuma. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓamɓaro shi daga girafait a Jami'ar Manchesta a 2004, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2010. A 2008 masana a Jami'ar Cornell sun nuna ko iskar hiliyam ba ta ratsa shi, lissafi ma ya nuna furoton ba zai iya ba. Sai ga rukunin Geim, har da Sheng Hu da Marcelo Lozada-Hidalgo, sun wallafa a mujallar Nature a 2014 cewa furoton yana wucewa ta falle ɗaya, kuma yana ƙara sauri idan zafi ya ƙaru ko aka yayyafa filatinam. Da aka ninka fallen biyu, hanya ta toshe.

An yi ta muhawara kusan shekara 10. Wasu suka ce ai ta ƙananan hujoji yake bi. A 2023 masana na Jami'ar Warwick da Manchesta suka auna fallen gurbi-gurbi, suka ga furoton yana ratsa inda babu huji ko ɗaya, ya fi sauri kuma a inda fallen ya yamutse. Wannan sakamako yana da nauyi, don ya nuna tanƙwarar fallen kanta hanya ce ta sarrafa wucewar furoton.

Ɗan'uwansa, girafin mai oksijin, dabam yake aiki. Furoton ba ya huda shi, bin samansa yake, yana tsalle daga ƙwayar ruwa zuwa wata a tsakanin fallayen. Rukunin Shinya Hayami na Jami'ar Kumamoto a Japan ya auna hakan a 2013. Sarrafa shi da yawa ba wuya, tunda hanyar haɗa shi ta Hummers, ta 1958, tana nan. Sai dai shi ma bawan ruwa ne, kuma idan ya ji zafi sosai yakan zubar da oksijin ɗinsa ya fara wuce da ilektiron, abin da ke kashe batiri. Rahotanni da yawa ba sa tsayawa kan wannan aibi yadda ya kamata.

Akwai kuma matsalar girma. Fallayen gwajin 2014 ba a ganinsu sai da madubin likita. Manya ana shuka su ne a kan tagulla, kuma wajen ɗauke su a ɗora kan tantani sukan yage.

A ganin wannan maƙala, hujjojin da ke hannu ba su kai a ce kabon zai kori Nafion ba. Abin da suka tabbatar shi ne haɗin gwiwa: gwajin da aka yi a Manchesta kan batirin metanol ya nuna falle ɗaya na girafin yana rage yoyon man ba tare da ya tare furoton ba. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne su gwada irin wannan tantani na dubban sa'o'i, cikin zafi da bushewa irin na injin mota.