Mawaƙan Shagon Aski na Tulsa da Waɗanda Aka Bari a Waje

Mu nan Sabo mun san shagon aski majalisa ce. Wani ya zo aski, biyar sun zo hira. Haka abin yake a unguwannin baƙar fata na kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, sai dai su hirar tasu har waƙa ta haifa. Maza huɗu ne ke yin ta, ba ganga ba molo, murya zalla. Ɗaya ya riƙe karin waƙar, ɗaya ya hau sama da siririyar murya, ɗaya ya yi ƙasa da kakkaura, na huɗu ya cike gurbin da ya rage a tsakiya. In muryoyin suka dace daidai, sai ka rantse akwai mutum na biyar a ɗakin. Turawa suka ji, suka ɗauka, aka buga ta a faifan garmaho da muryoyinsu. Daga baya rediyo da sababbin kiɗe-kiɗe suka danne ta.

A 1938 wasu mutum biyu 'yan garin Tulsa ta jihar Oklahoma suka haɗu a wani otal a Kansas City. Ɗaya Owen Cash, lauyan haraji, ɗayan Rupert Hall, ɗan kasuwa. Hira ta kai su ga kewar waƙoƙin ƙuruciya, suka ce in sun koma gida za su tara abokai. Mutum 14 suka aika wa takarda, amma ranar 11 ga Afrilu, 1938, mutum 26 suka hallara a saman benen Tulsa Club. A zama na uku kusan 150 ne, suna waƙa tagogi a buɗe, masu motoci suka yi ta tsayawa saurare har titi ya cushe. Ɗan jarida ya ɗauki labarin, jaridun ƙasa suka yaɗa shi, wasu garuruwa suka fara buɗe nasu rassan.

Cash mutum ne mai barkwanci. Ya raɗa wa ƙungiyar suna mai tsawon gaske wanda ake taƙaitawa SPEBSQSA, don ya zolayi hukumomin gwamnatin Roosevelt masu sunayen haruffa barkatai. Kun san dai yadda namu ma suke. A 1939 aka yi gasar farko a Tulsa ɗin, wasu 'yan garin Bartlesville suka cinye. Da mambobi suka yi yawa, sai rassa suka koma rera waƙar a babban rukuni, mutum arba'in ko fiye, amma har yanzu murya kashi huɗu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙungiyar ta turawa ce zalla, kuma da gangan. Tulsar nan fa ita ce wadda a 1921 aka ƙone unguwar baƙar fata ta Greenwood. A 1941 wasu 'yan dako huɗu na tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York, baƙar fata, masu waƙa da sunan Grand Central Red Caps, suka ci gasar garinsu. Kamata ya yi su wuce gasar ƙasa a St. Louis. Aka ce a'a. Al Smith, tsohon gwamnan jihar New York, da Robert Moses, shugaban hukumar wuraren shaƙatawa na birnin, suka ajiye katinsu na ƙungiyar don nuna fushi. Hakan bai sa an sake shawara ba. Sai a 1963 aka soke sharaɗin launin fata, shekara goma bayan rasuwar Cash.

A ganinmu, ba za a hana mutanen Tulsa ladansu ba: ba don taron nan na mutum 26 ba, da wuya salon ya kawo yau. Amma kayan aro suka adana, suka kuma hana mai kayan shiga ɗaki. An ma daɗe ana ɗauka daga Ingila waƙar ta samo asali, alhali tun 1925 marubuci James Weldon Johnson ya rubuta yadda shagunan askin baƙar fata na Jacksonville ke da nasu mawaƙan. Sai a 1992 wani mai bincike, Lynn Abbott, ya bi tsofaffin jaridu ya fito da hujjojin da suka kashe gardamar.

Matan Tulsa su ma ba su zauna jira ba, a 1945 suka kafa tasu, Sweet Adelines. Ta mazan kuwa yanzu sunanta Barbershop Harmony Society, hedikwatarta na Nashville, kuma tun 2018 tana karɓar mata. A 2017 ta ba 'yan dakon nan huɗu matsayin mambobi na girmamawa, bayan shekara 76. A lokacin babu ko ɗayansu da ke raye.