Kuregen Fuerteventura: Baƙon da Ya Gagari Masu Gida

A shekarar 1965 aka shigo da kurege biyu, mace da namiji, tsibirin Fuerteventura daga Sidi Ifni, wani gari a gaɓar tekun Maroko wanda a lokacin yake hannun Sifaniya. Don sha'awa aka kawo su, a riƙa kiwonsu a gida. Ba a jima ba suka fita daji, kuma daga nan zuriyarsu ta bazu kusan ko'ina a tsibirin.

Fuerteventura na cikin tsibiran Kanari, kimanin kilomita 100 daga gaɓar Afirka. Ƙasa ce busasshiya mai duwatsu, kamar wadda wannan kurege ya baro a yankin tsaunukan Atlas. Dabbobin da ke farautarsa kaɗan ne a can, sannan katangun duwatsun da manoma suka jera a gefen gonaki suka zame masa mafaka.

Ɓarnar ba ta tsaya ga amfanin gona ba. Kuregen yana cin dodon koɗi na asalin tsibirin, yana kuma yaɗa irin baƙin tsirrai ta hanyar kashinsa, su tsiro inda a da babu su. A tsibiri, inda halittu suka daɗe a keɓe ba tare da abokan gogayya ba, irin wannan baƙo kan yi illa mai wuyar gyarawa. Shi ya sa a 2013 dokar Sifaniya ta lissafa shi cikin baƙin dabbobi masu mamaya, waɗanda aka haramta ajiye su, sayar da su ko kai su wani wuri.

Sai dai wata matsalar ta taso daga masu yawon buɗe ido. A wuraren tsayawa kallo na hanyar Betancuria da bakin tekun Morro Jable, kurege kan fito ya karɓi gyaɗa daga tafin hannun baƙo, shi kuwa baƙon ya ɗauki hoto. Hukumomi sun kafa allunan hana ciyar da su, amma ba kowa ke bi ba. Abincin banza yana tara su wuri guda, yana cire musu tsoron mutane, ga haɗarin cizo da cututtuka.

Fargabar masana yanzu ita ce wani ya sake ɗaukar guda biyu ya tsallaka da su Lanzarote ko Gran Canaria, kamar yadda aka yi a 1965.