Abin da ya faru a ofishin 'yan sandan Desaiganj

A watan Maris na 1972, wata yarinya marainiya daga ƙabilun karkarar Maharashtra ta Indiya ta ce 'yan sanda biyu sun ci zarafinta a ofishinsu na Desaiganj, ɗayansu ya yi mata fyaɗe. Babbar Kotun Bombay ta same su da laifi, amma Kotun Ƙoli ta wanke su a 1978, wai ai ba ta yi ihu ba, kuma babu rauni a jikinta. Yarinyar da ke tsare cikin dare a hannun masu kaki, wa za ta yi wa ihu? Malaman shari'a huɗu, ciki har da Upendra Baxi da Lotika Sarkar, suka rubuta wa Alƙalin Alƙalai buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1979, sannan a ranar 8 ga Maris 1980 mata suka cika titunan Delhi da Bombay.

Akan ce irin wannan zanga-zanga ita ke zubar da mutuncin hukuma. Tarihi bai goyi bayan haka ba: hukuncin kotun ne ya nuna wa talaka cewa ofishin 'yan sanda ba mafaka ba ne, zanga-zangar kuwa gyara ta jawo. A 1983 majalisa ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 10 ga jami'in da ya yi fyaɗe ga wadda ke hannunsa, kuma muddin an tabbatar da saduwa, mace ta ce ba da yardarta ba ne, kotu za ta ɗauki hakan har sai ya kawo hujja. Masu fargabar sharri ga jami'i nagari suna da abin faɗa, sai dai mabuɗin ɗakin tsarewa da littafin rajista duk a hannunsa suke.