Awa Ɗaya, Sakan 3600

A garin Gulma ba a auna aiki da minti. Mai noman shinkafa a fadama zai ce maka "sai azahar zan taso", magana ta ƙare. Da na koma Birnin Kebbi koyon aiki a wani shagon intanet, 'yan shekaru bayan shigowar wayar salula a 2001, sai na tarar hajarmu duka lokaci ce: rabin awa, awa ɗaya.

Da farko littafi ne da biro da agogon bango. Ka rubuta lokacin da mutum ya zauna, in lokacinsa ya cika ka je ka tsaya a kansa. Yaro dai da sauƙi. Amma wa zai iya tayar da sa'an mahaifinsa? "Haba ɗana, bari in tura wannan saƙon." NEPA ta ɗauke wuta, a tayar da janareta, sai gardama kan mintin da ya salwanta.

Maigidana ne ya nuna mini dabarar da ke cikin Windows XP. Ka rubuta shutdown -s -t 3600, wani ɗan akwati ya fito yana ƙirgawa, awa na cika kwamfuta ta kashe kanta. Matsalarta, ba ta san awa ko minti ba, sakan kawai take ji. Mun haddace 900 da 1800 da 3600 kamar karatun allo. Ranar da na rubuta 60 da nufin minti sittin, wani malamin makaranta ko Yahoo bai gama buɗewa ba allon ya yi baƙi. Na sha faɗa. Ba a daɗe ba kuma yaran sakandare suka gano shutdown -a tana soke ƙirgen.

Daga baya manhajoji irin su CyberKlock suka kawo tikiti mai lambar sirri, kunyar tayar da manya ta koma wuyan na'ura.

Wayar hannu ta cinye wannan kasuwa. Abin da ya rage shi ne agogon jarrabawar JAMB, wadda aka fara yi da kwamfuta a 2013, ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Iyaye, ku sa yaranku su saba da agogo mai ƙirgawa baya tun kafin ranar. Wannan ba a ce masa "haba ɗana".